Yadda Malam Dalhatu Ya Koma Ƙanen Ƙanensa

An haifi Malam Dalhatu a Getso shekarar da aka samu mulkin kai, da kaka, ana tsakiyar roron wake. Wannan ba abin musu ba ne a danginsu, don kakarsa ta sha faɗa cewa daga gona aka taho da uwarsa ranar, da sauran wake ƙulle a bakin zanenta. Shi ne ɗan fari ga Inna Asiya. Bayansa aka yi Hajaratu, bayan Hajaratu aka yi Muntari, wanda Dalhatu ya ba shekara huɗu cif.

Iyayen Inna Asiya sun daɗe da barin yawon kiwo sun zauna noma a wajen Gammo, amma kunyar ɗan fari ba su bar ta a daji ba, kuma Inna ta riƙe ta fiye da yadda kowa yake riƙewa. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana so ya ci abinci sai ta dubi katanga ta ce, "A gaya wa wancan tuwo zai huce," ko da kuwa daga ita sai shi a tsakar gidan. Akwai wani mai goro a kasuwar Getso da ya yi rashin sa'ar zama takwaransa. Shekara goma sha tana sayen goro a wurinsa, sunansa a bakinta "mai sunan wancan".

Yana ɗan shekara ashirin ya gama makarantar horon malamai aka tura shi Kutama. Daga nan ya yi Gammo, ya dawo Getso, har ya zama hedimasta. Abin da aka san shi da shi jan biro ne. Kullum yana aljihun gaba, kullum kuma yana yoyo, saboda haka duk rigunansa akwai jan tabo daidai saitin zuciya. Ba littafin yara kawai yake gyarawa ba. In aka aiko masa da katin ɗaurin aure, yakan je ɗaurin auren, amma da katin a hannu, ya ja layi ƙarƙashin kurakuran ya miƙa wa uban ango.

Wata shekara aka ce za a tantance ma'aikata, kowa ya kawo shaidar ranar haihuwarsa. Lokacin da aka haifi su Malam babu mai rubuta haihuwa a gari, sai malamai suka ɗunguma Gwarzo wurin wani mai keken rubutu da yake zama a gindin darbejiya yana buga wa mutane takardar rantsuwar shekaru. Mutumin bai tambayi Malam yaushe aka haife shi ba. Tambayarsa irin ta wanzami ce: "Malam, nawa za a rage?"

Abokan Malam wani ya ce biyu, wani uku, don ritaya ta ɗan yi nisa. Shi kuwa nauyin baki ya kama shi, ya ce, "Abin da ya sauwaƙa."

Mai keken ya zaftare takwas. Malam ya karanta takardar daga sama har ƙasa, ya gano kuskuren rubutu biyu, ya sa aka sake bugawa. Takwas ɗin bai taɓa ta ba.

Siyasa ba shi ya neme ta ba. Wasu manya biyu a jam'iyya ne suka kasa bar wa juna takarar majalisar jiha, aka shiga neman wanda ba kowa ke jin haushinsa ba. Ranar taron aka aika a kira shi don a ji ta bakinsa. Fiye da rabin masu zaɓen ɗan takarar yaran da ya koyar ne, wasu har da furfura, da ya sako ƙafa ɗakin sai duk suka miƙe tsaye ba tare da sun yi niyya ba. Baƙin da suka zo daga Kano suka ɗauka goyon baya ne, aka rubuta sunansa. Ya ci zaɓe kuma, don mutane suna ganin wanda ya yi shekara talatin yana hawa keke ɗaya ba zai iya ɓarna mai yawa ba cikin shekara huɗu.

A majalisa jawabinsa na farko minti arba'in ya ɗauka ba ƙari ba ragi, tsawon darasi guda, ya rufe da cewa, "Akwai mai tambaya?" Tun ranar abokan aikinsa suka mai da sunansa Hedimasta. Takardar tsarin zaman kowace rana da jan biro take komawa wurin akawu. Sau biyu ya juya ya ce wa na kujerun baya a yi shiru. Amma ya yi aiki daidai gwargwado: an rufe azuzuwa shida a Kutama da kwano, an yi kwalbati a hanyar da ruwa yake yankewa duk damina, an haƙa rijiyar burtsatse kusa da kasuwa, ko da yake allon da aka rubuta sunansa ya fi tankin faɗi. Ya yi tumbi. Ya koyi cewa "za a duba". Ya saba da sanyin mota har ya zamana in ya fito yana ƙorafin zafin garin da aka haife shi. Gaskiya dai ya ji daɗin kujerar, kuma bai ɓoye ba. Gari duka ya koma ce masa Onarabul, ban da Inna, wadda a wurinta yana nan a wancan.

Da zango na biyu ya matso sai Sharfaddeen ya fito neman kujerar. Shi ma ɗalibinsa ne a Kutama, yanzu ɗan kwangila, kuma Malam ne da kansa ya koya masa ɗebewa. Ya kai ƙorafi gaban kwamitin tantancewa na jam'iyya cewa Onarabul ya yi rantsuwar ƙarya. Hujjarsa takarda biyu ce kawai: ta shekarun Malam, da lasin tuƙin Muntari, wanda direban bas ne tsakanin Gwarzo da Kabo da Kano, kuma shi bai taɓa rage ko wata ɗaya ba, don ba mai yi wa direba ritaya sai gwiwarsa. In aka ajiye takardun gefe da gefe, Muntari ya girmi wansa da shekara huɗu.

Malam ya karanta ƙorafin da biro a hannu, bai samu abin gyarawa ba sai waƙafi ɗaya. Ya ce, "Lissafin yaron daidai ne." Rabin fuskarsa alfahari, rabi takaici.

Baƙo, mai kula masa da harkar kamfe, shi ya kawo dabara. Ya ce, "Onarabul, ai ba takardarka ce matsala ba, jerin gidan ne. A mai da Muntari wa, shi ke nan."

Aka kira Muntari. Ya saurara yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ce, "Yaya, wato ni ne Yaya."

"Na ɗan lokaci."

"To a fara gwadawa in ji."

"Muntari, ba wasa na kira ka ba."

"Ka ga, ka faɗi tun a tambayar farko. Sunana gatsau haka? Wa ya yi maka tarbiyya?"

Malam ya dubi Baƙo, Baƙo ya dubi silin. Malam ya ce, "Yaya Muntari."

"Na'am, ɗan ƙanena. Ka ci abinci kuwa? Na ga ka rame."

Da abin ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma shugaban kwamitin Alhaji Dabo ne, mutumin Kabo, tsohon dillalin shanu, wanda bai yarda da takarda ba tun ranar da ya ga an buga ta. Ya saurari kowa, ya dubi 'yan'uwan biyu, ya ce da shanu ne da haƙori zai duba a gama. Sannan ya ce, "Na ji mahaifiyarku tana da rai. Ranar Alhamis zan shigo Getso in gaishe ta." Duk wanda yake ɗakin ya gane, don shi ma Alhaji Dabo daga gidan da ake kunyar ɗan fari ya fito. Zai nuna mata 'ya'yanta ne ya tambayi sunansu. Wanda ta kasa faɗa shi ne babba.

A hanyar komawa gida Malam ya tuna baya. Yana yaro ya sha jin haushin yadda Inna take kiran Muntari tun daga bakin rijiya, ta ja sunan ta lanƙwasa shi, shi kuwa sai dai a gaya wa katanga. Sai da ya girma ya gane shirun nan nata shi ne muƙaminsa a gidan, wanda ba zaɓe ya ba shi ba, ba kuma mai ƙorafin da zai karɓe. Yanzu in yana son kujerar Kano, sai ya roƙi tsohuwar ta buɗe baki ta sauke shi da kanta. Ya auna abin tun daga Kano har kwanar gari, ya ga yana son kujerar.

Roƙon ma ba ya yiwuwa kai tsaye. Washegari da hantsi ya samu Inna tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu, ya zauna a bayanta nesa kaɗan, Hajaratu ta zauna tsakani. Ya yi bayani, Hajaratu ta maimaita, ko da yake Inna ta ji komai tun daga bakinsa.

Inna ta ce wa rumbu, "A tambayi wancan, shekarun da ya rage, ina ya kai su?"

Hajaratu ta juyo. "Yaya, wai ina ka kai su?"

"Ki ce mata kowa ya yi a lokacin."

"A ce masa ni ban rage nawa ba, ga su nan a ƙuguna." Ta ɓare gyaɗa uku. "A tambaye shi, in an karɓe kujerar, a ƙasa zai zauna?"

"Ki ce mata akwai ayyukan da ban ƙarasa ba. Akwai asibitin da na fara magana."

Hajaratu ta ce, "Inna, wai akwai motar da bai gama morewa ba."

"Ba haka na ce ba."

"Fassara nake yi, Yaya."

Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta kakkaɓe zanenta ta ce, "A ce masa na ji." Ko e ce ko a'a, ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya isa ya sake tambaya.

Ranar Alhamis Alhaji Dabo ya iso da mutum biyu na kwamiti, Sharfaddeen yana biye da su riƙe da fayil. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Gaisuwa kaɗai ta ci lokacin shan shayi: gida, gajiya, jiki, damina, jikoki, dabbobi, mutanen Gammo na da waɗanda duk sun mutu. Muntari ya zauna gaba cikin babbar rigar da ya ara a wurin Malam, Malam yana bayansa, gumi ya jiƙa masa hula.

Alhaji Dabo ya ce, "Inna, Allah ya ba ki 'ya'ya masu albarka. Ni na tsufa, sunaye suna ɓace min. Wannan na gaban wa ke nan?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai wajen turken awaki. "Wancan ne."

Muntari ya gyara zama ya yi gyaran murya irin ta dattawa.

"Madalla. Na bayansa fa?"

Inna ta juyo ta dubi Malam. Shekara sittin da 'yan kai, ranar ya fara ganin idon uwarsa sosai, ya ga ashe na hagun ya fara yin yana, fari-fari, ba wanda ya gaya masa. Ya buɗe baki zai ce a bari, maganar ba ta fito ba, kuma shi kansa ya sani bai matsa mata ta fito ba.

Ta ce, "Dalhatu ne." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Hajaratu ta sunkuyar da kai. Inna ta motsa baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya, sannan ta ce, "Dalhatu, kana zaune baƙi ba ruwa? Tashi ka ɗebo a randa."

Onarabul ya tattare riga ya tashi ya ɗebo. Ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji Dabo, ya miƙa wa 'yan kwamiti, ya miƙa wa Sharfaddeen, wanda ya karɓa da hannu biyu don bai san yadda zai yi ba.

Sharfaddeen ya ce, "Alhaji, wallahi duk garin nan an sani..."

Alhaji Dabo ya ce, "Kai ka haife su?"

Da aka rako shi bakin mota ya riƙe hannun Malam ya rage murya. "Malam, ni ba yaro ba ne. Amma matar da ta iya yin abin da na gani yau, ba ni zan ƙaryata ta a ƙofar ɗakinta ba. Ka je da tikitinka. Allah ya sa ka iya riƙe abin da ka samu."

Ya samu tikiti, ya ci zaɓe, ya koma Kano. Kowa ya ɗauka da baƙi sun tafi gida zai koma yadda yake. Inna ba ta koma ba.

Da asuba ta kira shi, da la'asar ta kira shi. Ta sa aka saya mata waya don kawai ta riƙa kira, sai yana tsakiyar taron kwamiti a ji murya tana tashi daga aljihunsa: "Dalhatu, akuyar nan ta ƙi cin dusa." In mutanen Kutama suka zo gaisuwa ya zauna da su a zaure yana cewa za a duba, sai a jiyo ta daga cikin gida, "Dalhatu, zo ka zura min zare a allura." Ya tashi ya je, don auta ba ya cewa yana da baƙi. Auta kuwa ya zama, tunda Hajaratu ce kaɗai ba a taɓa ba, tana nan a tsakiya inda Allah ya ajiye ta, sai dai ta daina ce masa Yaya, ta ce ba za ta saɓa wa kwamiti ba.

Ranar Salla yaran gidan wurin Muntari suka fara zuwa gaisuwa. Masu neman auren 'yar Hajaratu wurinsa suka kai goro. Rigimar iyakar gona da ta taso tsakanin 'yan'uwa shi ya raba ta, da hukuncin tasha: kowa ya matsa kaɗan a samu wurin mutum ɗaya. Malam yana gefe yana ji, hannunsa yana kai wa aljihun biro yana dawowa.

Sai dai shi ma Muntari daɗin bai yi masa shekara ba. Da can duk yamma in ya ajiye mota wurin Inna yake zuwa, ya kwashe mata labarin fasinjoji tana dariya har da tari, ta ajiye masa ƙanzo. Yanzu da ya shigo sai ta ja mayafi ta juya wa turken awaki. Labarin ya ƙare a bakinsa, ƙanzon kuma Dalhatu ake ajiye wa, wanda likita ya hana shi.

Da zango na biyu ya ƙare Malam bai sake nema ba. Asibitin an yi ginin, yana jiran ma'aikata. An yi wa Inna aikin ido a Kano, tana gani tar. Mako guda da miƙa ofis, shi da Muntari suka shirya suka same ta bayan azahar, suka zauna gabanta kafaɗa da kafaɗa, don sun kasa yanke wanda zai zauna gaba.

Malam ya ce, "Inna, abin nan ya wuce. Ba kujera, ba kwamiti. Mun zo ne a mai da kowa wurinsa."

Muntari ya ce, "Wallahi Inna na gaji da girman nan. Ko gaisuwata ba kya amsawa sai ta wurin akuya."

Inna ta ce wa turke, "A gaya wa wancan nasa kam na haƙura. Dama wuyana ya gaji da juyawa." Sai ta juyo ta dube shi. "Muntari, baƙin surutu, gobe ka zo da labari."

Muntari ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malam ya gyara zama yana jiran nasa.

"Ni fa, Inna?"

"Kai me?"

"A koma yadda ake da."

"In koma yi wa katanga magana?" Ta girgiza kai. "Ina da shekara goma sha shida aka ce min in rufe baki, na rufe. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ka yi ƙyanda kana ɗan shekara uku, ina bayan ƙofa ina jin kukanka, kakarka ce a kanka. Sunan nan a ciki nake faɗinsa, ban san ma yadda yake a baki ba sai ranar da mutumin Kabo ya zo. Kai ka aiko a roƙe ni, ba ni na nema ba."

"Amma Inna, mutane..."

"Girman ka karɓi abinka, Muntari ba ya so. Yara su gaishe ka da fari, a kawo maka goro. Sunan dai ba zan mayar ba."

Muntari ya ce, "Yaya, ka karɓa haka. Ko a tasha ba a mayar da kuɗin mota in an riga an taso."

Malam ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "To a rage kira a gaban baƙi."

Inna ta ce, "Za a duba, Dalhatu."